Amshin da Kalilu Ya Cire

Duk wanda ya zauna a unguwar Wangsa Maju ta Kuala Lumpur a shekarun korona ya san Malam Kalilu, ko da bai san sunansa ba. Dogo ne siriri mai tabarau, hularsa kullum a karye daidai, kunnuwansa kullum a toshe da abin sauraro. In ka gaishe shi sai ya zare guda ɗaya ya amsa har da rusunawa, ka rantse karatu yake ji. Ina fa, waƙa ce. Ɗalibai 'yan'uwansa ba su sani ba, matarsa Ruƙayyatu da ke Kano ta sani rabi da rabi, mahaifinsa kuwa da ya sani da an yi ta.

A Gwale aka haife shi, gidan malamai, inda zaure ba ya rabo da magidanta masu ɗaukar karatu. Ba a hana rediyo a gidan ba, amma da an gama labarai ake murɗe ta. A wurin mahaifinsa mawaƙi maroƙi ne, ko da kwat ya sa. Ɗan amshi kuwa ya fi shi lalacewa, don shi ko bakin kansa ba shi da shi, sai abin da wani ya ɗora masa. Kalilu ya taso da wannan magana a kunne ɗaya, ɗaya kunnen kuma yana shagon mai gyaran rediyo na bakin layinsu. A nan ya koyi haɗa waya, daga nan ya karanci lantarki, ya zama malamin kwaleji, har gwamnati ta turo shi Kuala Lumpur yin digiri na uku a kan sarrafa sauti. Mahaifin ya sa masa albarka, don a ganinsa sauti na lasifikar masallaci ne.

Abu ɗaya ne Kalilu bai taɓa fashinsa ba. Wata tashar rediyo a Kaduna tana da shiri mai suna Goman Mako, inda wani Alkasim ke jero waƙoƙi goma mafi tashe, daga ta goma zuwa ta ɗaya. Goma na safen Asabar ake yi, wato biyar na yamma a Kuala Lumpur, inda yake kama shi ta intanet. Kalilu yana da littafi mai baƙin bango da yake rubuta jerin a ciki tun yana saurayi. Ya san wanda ya hau, ya san wanda ya faɗo, ya san watan da albam ke fita ya yi rai da watan da yake fita ya mutu a tsaye. Da a ce ana ba da digiri a kan wannan, da tuni ya dawo gida.

Abokin zamansa a hawa na sha huɗu shi ne Ernest, mutumin Kagoro, gajere mai ƙiba mai dariya da ƙarfi. Yana aiki a wani ofishi kusa da unguwar Brickfields, ran Lahadi kuma yana kaɗa gita a cocinsu. Hausa ce ta haɗa su a shagon mamak, masu sayar da shayi da burodin soye, kuɗin haya kuma ya haɗa su gida. Ernest ke kiransa Dokta tun bai rubuta babi na farko ba, shi kuma yana kiransa Ɗan Kagoro. Shi kaɗai ya taɓa kama shi da baƙin littafin, kuma maimakon ya yi masa dariya sai ya jawo kujera.

"Dokta," ya ce, "ni burina ɗaya ne. In ji Alkasim ya faɗi sunana, ko a na goma ne. Mama ba ta wuce shirin nan. Tun da na taho take cewa na ɓata, ina so ta ji ni a rediyonta."

Sai ga korona. A watan Maris na shekarar farko aka kulle gari, aka rufe masallaci, aka rufe coci, sojoji suka tare hanyoyi. Mutum ɗaya ke fita daga gida ya yo tapau, abincin da ake ƙunsowa a leda, ya dawo da sauri. Ernest ya rasa abin yi, ya rungumi gitarsa ya fara ƙirƙirar waƙoƙi, duk na kewar gida. Irin na da ne, mai waƙa ya kira, 'yan amshi su karɓa. Matsalar ita ce 'yan amshin, wato mawaƙan cocinsu, suna can wani gefen gari, ba damar zuwa.

"To ka riƙa min mana, kafin a buɗe," in ji Ernest.

Kalilu ya ce a'a har sau uku, irin a'ar da ake yi da murmushi. A na huɗu ya buɗe baki. Ashe murya ce da shi mai laushi, wadda shekara talatin da shida ba ta taɓa fita sai a banɗaki. Ernest ya ajiye gita ya dube shi ya ce, "Kai amma an cuce mu."

Suka jingina katifu a bango, suka kashe fanka, suka tsaya su biyu a gaban makirfo ɗaya gumi na zuba. Jirgin ƙasa mai bi ta kan gada yana wucewa ta bayan taga lokaci lokaci, in ya shiga waƙa su bar shi. Waƙa takwas suka yi. Wadda ta fi daɗi ita ce inda Ernest ke cewa, "Na buɗe taga na kira gida, kuna ji na?" Kalilu kuma ya karɓa, "Muna ji, ɗan'uwa, muna ji." Albam ɗin suka sa masa suna Hawa na Sha Huɗu. Kalilu bai taɓa jin daɗin rayuwarsa kamar a watannin nan ba, kuma shi da bakinsa ya faɗa.

Daɗin ne ya ja shi ya kunna wa Ruƙayyatu ta waya, bai gaya mata ko na wane ne ba. Amshi bai kai ƙarshe ba ta fashe da dariya. "Abban Fiddausi, wannan ai muryarka ce. Wallahi ta yi daɗi." Ita har zuciyarta ta faɗa. Shi kuwa sai ya hau lissafi. In ita ta gane a numfashi ɗaya, to duk Gwale za ta gane. Ya hango zauren gidansu, ya hango wani munafuki yana miƙa wa tsoho waya yana cewa, Malam, ga Dokta yana amshi.

Da ya faɗa wa Ernest gaskiya a ranar, da sun san yadda suka yi. Bai faɗa ba. Sai ya ɗauko baƙin littafi, ya mai da shi garkuwa. A ƙarshen shekara ya ce lokacin bukukuwa ne, waƙoƙin amare za su danne su. Bayan sabuwar shekara ya ce mutane ba su dawo hayyacinsu ba. Da azumi ya zo ya ce ai ba a sakin waƙa da azumi, wannan kowa ya sani. Da ƙaramar Sallah ya ce manya ne za su fito, wa zai kula da wani Ernest. Kowane uzuri da shafinsa da shekararsa, ya buɗe ya nuna da yatsa. Ernest ya kan leƙa ya gyaɗa kai, don ya yarda babu wanda ya san harkar nan kamar Dokta.

A watan Yuni na shekara ta biyu aka sake kulle gari, kullen da ya fi na farko tsanani. Nan Kalilu ya ɓullo da sabuwar dabara. Ya ce ƙarar jirgi ta ɓata aikin, dole a sake, kuma tun da makirfo ɗaya suka yi amfani da shi ba a iya raba muryoyin. Ernest ya rera shi kaɗai, ya bar gurbin amshi, in an buɗe gari mawaƙan coci su cike.

"Jirgin ai shi ma ɗan gida ne," in ji Ernest. Amma ya tashi ya tsaya.

Kwana huɗu suka yi. Ernest ya kira, ya yi shiru daidai tsawon amshi, ya sake kira. A kowane shiru yana kallon Kalilu, Kalilu kuma yana kallon kwamfuta. Da suka gama, Kalilu ya goge tsohon aikin kaf, har wanda ke cikin wayarsa, don kada tsautsayi ya fitar da shi. Ernest yana tsaye a bayansa da kofin shayi.

"Dokta, ba jirgi ba ne ko?"

Kalilu bai ɗago ba.

"Ba komai lah," Ernest ya ce da salon maganar mutanen ƙasar, ya dafa kafaɗarsa. "Ni ma ɗan wani ne, na san yadda abin yake."

Da zaginsa ya yi da ya fi masa sauƙi.

Farkon Yuli zazzaɓi ya kama Ernest, ga tari. Aka gwada, aka zo da mota aka ɗauke shi. Kalilu bai kamu ba, aka ɗaura masa abin hannu, alamar an killace shi, aka ce kada ya fita. Kwana shida bayan haka saƙon murya ya shigo, Ernest yana magana yana tsayawa yana jan numfashi. "Dokta, saki albam ɗin haka nan, ba sai an cike ba. Ina so in ji shi ran Asabar."

Yanzu fa babu muryar Kalilu a ciki, babu abin tsoro ko ɗaya. Amma mutum in ya daɗe yana faɗin magana sai ta zauna masa. Ya buɗe littafi ya duba, babbar Sallah saura kwana takwas, manya uku sun riga sun sanar da sabon albam. Ya rubuta masa cewa ya ƙara haƙuri sati biyu, in an sake shi yanzu ko na goma ba zai leƙa ba, ai da ƙafarsa zai dawo su saurara tare. Wannan karon ba ƙarya yake ba, har ga Allah shawara yake bayarwa, kuma littafin bai yi kuskure ba. Ernest ya amsa da kalma ɗaya ta mutanen ƙasar, boleh, wato ba laifi.

Kwana tara bayan nan, da hantsi, aka kira daga asibiti. Ba a bar kowa ya gan shi ba. Wani dattijon cocinsu ne ya tsaya daga nesa aka rufe shi, ya turo hoto.

Kalilu ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun rasuwar mahaifiyarsa. Da ya natsu ya kunna kwamfuta, ya jawo makirfo, ya ce zai mai da amshin inda yake. Muryar Ernest ta cika ɗakin, ta kira, ta tsaya tana jira. Ya buɗe baki, babu abin da ya fito. Daga baya ya riƙa cewa kuka ne ya shaƙe shi. Kukan yana nan, amma zauren Gwale ma yana nan, kuma shi ya fi kowa sanin wanne ya fi riƙe masa wuya. Ya tura albam ɗin yadda yake, da sunan Ernest shi kaɗai.

Asabar ta biyu da fitarsa waƙar taga ta shiga a ta tara. Ta uku ta haura ta biyar. A ƙarshen Agusta waƙar taga ta kai ta biyu, ta yi sati uku a nan. Kalilu yana zaune shi kaɗai ƙarfe biyar na yamma, ga kujerar da Ernest ke jawowa, ya ji Alkasim ya faɗi sunan har da na garinsu. Sannan ya ƙara da cewa abin da ya fi burge masu sauraro shi ne shirun da marigayin ya bari bayan kowane kira, sabon salo ne da ba a taɓa yi ba, gwaninta ce. Kalilu ya kashe rediyon, ya ji kamar an mare shi a gaban jama'a.

Washegari Mabel, ƙanwar Ernest, ta kira daga Kagoro. Ta yi masa godiya, ta ce gari duka an ji. Sannan ta ce, "Yaya Kalilu, ga Mama tana son magana da kai."

Tsohuwar ta gaishe shi a hankali, ta tambayi karatu, ta tambayi iyali. "Ɗana," ta ce, "na ji shi a rediyona, Allah ya yi maka albarka. Amma bara ya gaya min waƙar nan ku biyu ne. Ya ce shi yana kira, kai kana amsawa, ya ce muryarka ta fi tasa. Na kasa kunne ban ji ka ba. Me kake ce masa a wurin?"

Kalilu ya miƙe tsaye, bai san ya miƙe ba. Ya juya ya fuskanci taga, ya rera mata. "Muna ji, ɗan'uwa, muna ji."

Yana jin kukan kaji a bayanta.

"Ai kuwa da daɗi," ta ce. "To me ya sa ka bar shi yana ta kira shi kaɗai?"

Ba faɗa take ba, tambaya take, kuma jiran amsa take. Kalilu ya riƙe wayar har jirgi ya zo ya wuce, wani ma ya zo ya wuce.

Ya gama digirinsa a shekarar da ta biyo, ya koma Kano, yana koyarwa, mutane suna ganin girmansa. Mahaifinsa har yau bai san komai ba. Baƙin littafin yana cikin akwati, rubutun ƙarshe a ciki shi ne na makon nan na Agusta, sunan Ernest a layi na biyu. Ran Asabar da goma na safe Ruƙayyatu kan kunna rediyo tana aikin gida, shi kuma sai ya ɗauki hularsa ya fita.