Faifan Munkaila Mai Inji

Duk wanda ya taɓa kai gero niƙa a bayan tashar Matamaye ya san Munkaila mai inji. Dogo ne siriri, gari ya saba kwanciya a girarsa da gashin bakinsa, har ana yi masa kallon mai furfura tun furfurar gaske ba ta zo ba. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, mutumin nan da ke yini cikin rugugin inji yana da baƙin faifan garmaho guda ɗaya tak, na kiɗan Turawa da ake kira rok, kuma yana ji da shi kamar ƙwai.

Asalin faifan na Manu ne, abokinsa ɗan Dungu. Zamanin da gyaɗa ke da daraja, suna samari, tare suke dakon buhuna. Da aka yi fari, cinikin gyaɗa ya kwanta, Manu ya tafi ci-rani Ikko, ya yi aiki a tashar jiragen ruwa. Ya dawo da wando mai faɗin ƙafa, da garmaho mai murfi kamar akwati, da faifan nan da wani ma'aikacin jirgi ya bar masa.

A zauren gidan su Munkaila suka jona garmahon da batirin mota. Manu ya hure faifan, ya ɗora allura a hankali. Kafin komai sai wani ɗan ƙaras-ƙaras, kamar ana suyar gyaɗa cikin yashi. Can sai ganga ta faɗo, jita ta ƙwala ƙara. Munkaila ya zabura ya miƙe.

“Kai, Manu! Wannan kiɗa ne ko faɗa?”

“Zauna, aboki,” in ji Manu yana dariya. “Ka bar shi ya shige ka tukuna.”

Ya zauna. Da aka juya faifan sai ga wata waƙa mai sanyi, jita tana ja a hankali tana kuka irin na goge. Nan Munkaila ya matso kusa da garmahon. Bai ji kalma ko ɗaya ba, amma ya san kukan goge, ya kuma san ba mai kaɗa shi haka sai wanda abu ya ci wa rai. Ana tsakiyar waƙar, daidai inda mawaƙin ya ɗaga murya, allura ta yi tsalle ta dira gaba.

“Haka na same shi,” in ji Manu, yana nuna wani karce a jikin faifan. “Ya sha teku.”

Damina na wucewa Manu ya sake ɗaura aniyar tafiya. Ya kawo wa Munkaila garmahon da faifan ya ce a riƙe masa ajiya. Bai dawo ba. Bayan 'yan shekaru labari ya zo cewa zazzaɓi ya ɗauke shi a can. Munkaila ya ɗauki kayan ya kai Dungu, tsohuwar Manu ta ce, “Ɗana, mu me za mu yi da wannan? Wanda ya ba ka ya san abin da ya sa ya ba ka.”

Munkaila ya yi aure, ya kafa injin niƙa, 'ya'ya suka zo. Ranar da aiki ya yi sauƙi, bayan la'asar, sai ya wanke hannu, ya shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki ya kunna. Tunda ba ya karanta rubutun da ke jikin kwalin faifan, shi ya raɗa wa waƙoƙin suna: akwai Mai Tsawa, akwai Gudun Jaki, mai sanyin nan kuwa Doguwa. Matarsa Sadiyya da fari cewa take, “Maigida, wai wannan ihun na mene ne?” Amma in Doguwa ta zo sai ya ga hannunta ya rage sauri a kan rariya. Da robar da ke juya faifan ta tsinke, ya yanko wata daga tsohon tif na tayar babur. Da allura ta cinye, ya yi ta bin direbobin Kano har wani ya samo masa a wajen masu tsofaffin kayan rediyo.

Inji kuwa yana nan yana cin kunnensa a hankali, shi bai sani ba. Abin da ya fara ɓacewa ƙaras-ƙaras ɗin nan ne. Har murna ya yi, ya ce wa Sadiyya faifai ya warke. Daga nan sai ƙarar farantan tagulla da mai ganga ke duka ta tafi, jita ta bi ta. Mata masu kawo niƙa suka koma yi masa magana da hannu. A majalisa, in ya ga ana dariya sai ya yi, bai san abin da aka faɗa ba, har ya gaji ya daina zuwa. A masallaci yana satar kallon na kusa da shi don ya san lokacin ruku'u. Ya ɗan jima yana kunna garmahon, ya dafa lasifika da tafin hannu don ya ji dukan ganga a ƙashinsa. Wata rana dai ya naɗe faifan cikin tsohon zanen Sadiyya ya tura ƙarƙashin gado.

Autarsa Ilham, wadda ke aikin jinya a Damagaram, ita ta ƙi yarda. Ta zo hutu, ta tsaya a bayansa tana ta sallama bai waiwayo ba. Ta zagayo ta durƙusa a gabansa, ta ɗaga murya.

“Baba, gobe za mu tafi a duba kunnen nan.”

“Auta, tsufa ne. Tsufa ba shi da magani.”

“To a bari likita ya faɗa da bakinsa.”

Likita ya duba ya ce kunnen hagu ya riga ya tafi, amma na dama da saura. Aka saƙala masa wata 'yar na'urar ƙara ji a kunnen dama, wadda ba ta fi ƙwallon dabino ba. A motar dawowa Munkaila ya yi ta waige-waige. Ƙofa na ƙaraurau, kaji na kuka a ƙarƙashin kujera, wata mata na yi wa direba faɗa a kan buhunta. Ya kama dariya shi kaɗai yana cewa, “Alhamdu lillahi. Ashe duniya ba ta yi shiru ba.”

Washegari bayan la'asar ya jawo zanen nan, ya share faifan da gefen rigarsa, ya ɗora allura. Ƙaras-ƙaras ɗin ne ya fara zuwa, yana nan yadda ya bar shi. Hawaye suka zubo masa kafin ganga ta faɗo. Gaskiya kiɗan bai dawo yadda yake da ba. Ta cikin na'urar ya ɗan yi siriri, kamar ana jin sa ta bakin gwangwani. Munkaila ya ce da babu gara ba daɗi.

Ilham ta ɗauki hoton kwalin da wayarta, ta yi 'yan danne-danne, sai ga waƙoƙin duka. Ta kunna Doguwa ta kara masa a kunnen dama. Sauti fes, ba ƙura ba karce. Da aka zo inda mawaƙin ke ɗaga murya, Munkaila ya ɗan ɗage kafaɗa yana jiran tsalle. Ba a yi tsalle ba. Muryar ta hau har ƙarshe, sai wata muryar mace ta fito daga baya ta amsa masa, jita ta bi su biyun a hankali.

“Maido,” ya ce. Ta maido. Ya sake cewa ta maido.

“Ikon Allah,” in ji shi. “Duk shekarun nan ina jin tausayin mutumin nan, ina cewa ya yi kira ba wanda ya kula shi. Ashe an amsa masa. Manu ma bai taɓa jin wannan wurin ba, Allah ya jiƙansa.”

“To Baba, in zuba maka su a waya ka huta da allura?”

“Zuba mini Doguwa kaɗai, saboda wurin nan. Amma naki ruwan leda ne, Auta, mai tsabta. Nawa ruwan randa ne, da ƙamshin ƙasarsa.”

Likita ya hana shi kusantar inji, sai Munkaila ya bar wa ƙaninsa injin. Yanzu ran kasuwa yakan cika aljihu da auduga ya bi masu injin niƙa ɗaya bayan ɗaya, ya nuna musu abin da ke kunnensa, ya ce su toshe nasu tun da sauran dama. Wasu su karɓa, wasu su yi dariya. Ba ya fushi, wani makon zai komo. Ya koma majalisa, kuma an ce yanzu ya fi kowa musu.

Mutum ɗaya ce ke ƙorafi. Rannan Sadiyya na tsakar gida tana ƙunƙuni a kan itacen da ya sayo ɗanye, sai ta ji daga ɗaki an ce, “Na ji ki fa.”

Ta saki baki, sannan ta ce, “Oh ni Sadiyya! Da can ina faɗin abin da na ga dama a gidan nan. Wannan yarinya ta kashe mini kasuwa.”

Ta tura masa kwanon fura bakin ƙofa, tana dariya ƙasa-ƙasa. Wannan ma ya ji.