Sallau Mai Ruwa Da Bindigar Katako

Sallau mutumin Dakusa ne, kuma da damina tana cika alkawari da har yau yana can. Shekara biyu a jere gero yana tsayawa iya gwiwa ya bushe, ta uku ko fitowa bai yi ba. Sai ya bar wa matarsa Delu akuyar da ta rage, ya shigo Damagaram, ya samu amalanke da bido goma, jarkokin ruwan nan, ya kama sayar da ruwa a unguwarmu ta Birni. Wanda ya zauna a garin nan ya san halin pampo: ya yi tari, ya huro iska, ya yi shiru. Sallau yakan kafa layi tun asuba, ya jira shi kamar mai jinya.

Dogo ne, ramamme, idanu sun faɗa ciki. Gemunsa ba na malanta ba ne, zuwa wurin wanzami ne yake ta ɗagawa. Kuma mutum ne da ko kaza za a yanka sai ya kau da kai. Na taɓa ganinsa ya tsayar da amalanke a gangara, da duk nauyinsa, don ƙadangare ya gama tsallakawa.

Gidan da ya fi shiga shi ne na Ya Amina, wata tsohuwa Babarbariya. Daga wani gari na bakin kogin Komadugu ta zo, bayan 'yan ta'adda sun shiga musu ranar kasuwa suka kashe mutane, har da ɗanta Ari mai sayar da tattasai. Tana gida lokacin, ba ta ga komai ba. Labari aka kawo mata, da hularsa. Ita ke ajiye wa Sallau ɗumame, tana kiransa Afuno, yadda Barebari ke kiran Bahaushe. Matan unguwa kuwa da bakinta suke sayen ruwa. Wanda ta yarda da shi, shi ke cika randunan layin gaba ɗaya.

Ana haka sai ga Mai Nasara, wani mai kamara da ya ɗauri niyyar yin fim a kan harin kasuwar nan, don kada a manta, in ji shi. Ya ga Sallau a bakin pampo ya tafa hannu.

"Wallahi wata uku ina neman fuskar nan!"

Ba wanda ya taɓa neman fuskar Sallau, ko Delu ma haƙuri ta yi da ita. Fari ya riga ya yi masa kwalliyar kyauta. Aka naɗa masa baƙin rawani, aka ba shi bindigar katako, aka ce ya yi ihu ya harbi mai tattasai. Sau tara aka ɗauka. Sau takwas, da zarar mai tattasan ya faɗi, sai Sallau ya yar da bindiga ya sunkuya yana cewa, "Sannu, sannu, ba ka bugu ba?" A na tara Mai Nasara ya rantse Sallau ba zai ci shinkafar da aka dafa wa 'yan fim ba in ya sake, shi ne aka samu abin da ake so.

Fim ya fita, ya bi salula gida gida. Mata suka taru a kan waya ɗaya suna kallo, suna kuka, suna mayar da shi baya. Kashegari Sallau ya yi sallama, yara suka watse. Matan da randarsu ta bushe har tana amo suka ce da sauran ruwa. Ya Amina kuwa ko amsawa ba ta yi ba, ƙyaure ta turo.

Ya aske gemu. Abin ya ƙara lalacewa, don idanun ne suka rage su kaɗai. Ya tura amalanke har unguwar Garin Malam, ya tarar fim ya riga shi isa. Kwana goma sha biyu yana dawowa da rabin ruwansa. Wata la'asar ya zauna a dakalina, ya miƙe ƙafafun da suka tsattsage.

"Malam, Dakusa zan koma. Yunwar can aƙalla ta san ni ba mugu ba ne."

"Ka koma ka ci me?"

Ya sunkuya yana murza ƙafarsa. Ni kuwa ban sake tambaya ba.

Na je wurin Ya Amina da bayanina a shirye: wasa ne, katako ne, jinin ma ruwan zoɓo ne. Ta bar ni na gama.

"Malam, yarinya ka ɗauke ni? Har ƙusar bindigar na gani. Shekara shida ina kwana ina ganin wanda ya kashe Ari, ba shi da fuska. Yanzu yana da ita. Kuma kullum yana sallama a ƙofata."

Na koma na faɗa wa Sallau. Sai ya ce a garinsu in mutum ya yi laifi, dattijo yake samu ya raka shi neman gafara. Na ce ai ba laifin da ya yi. Ya ce shi ma ya sani, in dai raka shi.

Muka je. Ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya durƙusa a zaure. Ta fito ta zauna, fuskarta na kallon bango.

"Inna, na zo ki yafe mini."

Ta bar shi a durƙushe har na fara jin ciwon gwiwa a madadinsa. Sannan ta ce, "Da ka ɗaga bindiga, me ya ce maka?"

Na ƙyafta masa ido ya ƙirƙiro wani abu mai daɗi, ko kalmar shahada. Amma Sallau bai iya ƙarya ba, ko a fim da ƙyar ya yi ta.

"Bai ce komai ba, Inna. Ni ne na yi ta ce masa sannu, har sau takwas. Mai Nasara ne ya yanke."

"Sannu?"

"Sannu."

Kafaɗunta suka fara rawa. Ban san ko dariya ce ko kuka ba, ina jin ita ma ba ta sani ba.

"Ari ba wanda ya ce masa sannu," ta ce. Ta share fuska da gefen mayafi. "Wancan ban yafe masa ba, kuma ba kai za ka karɓar masa ba. Kai kuwa, Afuno, randata ta bushe. Amma ka riƙa magana tun daga bakin layi. In ji muryarka kafin in ga fuskarka."

Shi ya sa yanzu, in ka ji wani da hantsi yana tafe yana gaida bango, yana gaida akuya, yana tambayar kowa gajiya tun ba a gan shi ba, Sallau ne. Mutumin da a da sai ya wuni bai yi magana goma ba. Mata sun buɗe masa ƙofa, ba duka ba. In ya shiga gidan Ya Amina, takan juya baya har ya gama juye ruwa. Ɗumamensa yana nan a kan turmi, a rufe.

Delu ta aiko cewa hadari ya haɗu a Dakusa sau biyu, iska ta kwashe shi. Ya ce to, ya ɗaure bidonsa, ya koma layin pampo.