Dundu Biyar a Bayan Surukata

Ko shekara ɗari zan yi a duniya, ranar da na daki surukata ba za ta fita daga kaina ba. E, surukata, uwar matata, da hannun nan nawa na dama, a gaban shaidu kuwa. Kafin ku fara tsine mini, ku bari in faɗa muku yadda aka yi.

Ni mutumin Kano ne, neman abinci ya kawo ni Duwala, ina sayar da atamfa da leshi a kasuwar Mboppi. A unguwar Hausawa ta New Bell na yi aure. Maiɗakina haifaffiyar nan ce, kakanninta ne suka zo daga arewa tun da daɗewa. Ta yi boko na Faransanci, tana aikin ofis, kuma in tana magana Hausa da Faransanci tare suke fitowa, kai dai ka tsinci wanda ka gane.

To a gidanmu an horar da mu cewa suruka ba abar wasa ba ce. Ba ka haɗa ido da ita, ba ka cin abinci a gabanta, in ka hango ta tun daga nesa ka cire takalmi ka durƙusa. Ranar da na fara zuwa gaishe ta bayan biki, an yi ruwa, lungun ya cika da taɓo, amma haka na zube a bakin ƙofa kaina a ƙasa. Hajiya ta leƙo ta dube ni, ta dubi 'yarta, ta ce, "Mijin naki wani abu ya yar ne?" Tun daga ranar ta sa mini suna Ɗan Kano, kuma ta mayar da ni abin tsokanarta. Da gangan take miƙo mini kwano ta ce in ci ta gani, ni kuwa in bi ta bayan gida in gudu. Shekara bakwai muna haka. Da za a ce in kwatanta fuskarta a lokacin, wallahi sai dai in kwatanta ƙafafunta, don su na fi sani.

Ana nan sai ta samu shanyewar ɓarin jiki. Allah ya taimaka bakinta ya dawo, amma hannu da ƙafar hagu suka yi nauyi, haɗiya ma ta zame mata aiki. Muka ɗauko ta muka dawo da ita gidanmu. Likita ya ja mana kunne: abinci mai laushi kawai, kunu, fate, ayaba da aka dama, kifi ba ƙaya, kuma in za ta ci a zaunar da ita sosai, wani ya tsaya kusa. Maiɗakina ke mata wanka da safe ta shirya ta kafin ta tafi aiki, wata ƙanwarsu kuma ta yini da ita. Nawa dai sayo magani da gaisuwa daga bayan labule.

A ofis ɗin su maiɗakina an taɓa koya musu taimakon gaggawa, kuma tun daga lokacin ba mu huta ba. Wata Lahadi ina zaune ina shan shayi sai kawai na ji an rungumo ni ta baya an matse mini ciki. Na ce, "Ke lafiya? Sake ni, yara na kallo!" Ta ce, "Baban yara, tsaya ka koya. In abinci ya shaƙe Mama, muddin tana tari ka bar ta ta yi ta tari. In tarin ya ɗauke, ba magana, ba numfashi, kada ka ba ta ruwa, kada ka tura mata yatsa a baki. Ka sunkuyar da ita gaba, ka buga tsakanin kafaɗunta da gindin tafin hannu sau biyar, da ƙarfi. In bai fito ba ka zagayo ta baya, ka dunƙule hannu saman cibiya, ka fizgo ciki da sama sau biyar. Ka gane?" Na yi dariya har shayi ya zube. Na ce, "Ni? Hajiya? Ni da ko tabarmarta ba na takawa? Ki dai koya wa ƙanwarki." Ta yi tsaki ta ce da ɗan Faransancinta, "Wala, ka ji matsalarka ke nan."

Ranar da abin ya faru Laraba ce, cikin damina. Ƙanwar nan tasu ta tafi awon ciki, maiɗakina ta roƙe ni in zauna a gida zuwa azahar. Na ɗauko benci na zauna a baranda, Hajiya na falo a kan kujerarta, labule a tsakaninmu. Wajen sha ɗaya da rabi mai tsiren bakin layinmu ya hura wuta. A nan soya suke ce masa, kuma duk wanda ya san soyan New Bell ya san ƙamshinsa ba ya neman izini kafin ya shiga gida.

"Ɗan Kano!"

"Na'am, Hajiya."

"Wata huɗu ke nan ban sa nama a bakina ba. Kunu da safe, kunu da rana, sai ka ce jaririya. Tashi ka sayo mini soya."

Na sosa ƙeya. Na ce, "Hajiya, ai likita ya ce..."

"Likitan ne ya ba ka 'yarsa ko ni?"

Shi ke nan, ta gama da ni. Yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina, amma a lokacin kalmar a'a ba ta iya fita daga bakina zuwa kunnen suruka. Na je na sayo, na ce wa mai soya ya yanka ƙanana, ina ganin na yi dabara. Na zuba a faranti, na tura ta ƙarƙashin labule har ya kai kan ɗan teburinta, ban ɗaga kai ba. Sannan na yi babbar wauta ta biyu: na ja bencina can ƙarshen baranda, wai don ta ci a sake, kada ta ji kunyata. An ce a tsaya kusa da ita, ni kuwa ladabi ya kai ni nesa.

Ina jin ta tana ci tana sa mini albarka. Can sai na ji tari, sau biyu ko uku, daga nan faranti ya faɗi ƙasa. Sai shiru.

Na taso na zo bakin ƙofa. Kun san abin da na yi? Sallama na yi. Wallahi sallama na yi! "Salamu alaikum, Hajiya, lafiya?" Shiru. Na sake yi. Na ɗan ɗaga gefen labule da yatsa biyu, sai ga Hajiya ta riƙe wuyanta da hannun da ke aiki, baki a buɗe, idanu sun firfito, ba ko ƙwaƙƙwaran sauti. Ranar na fara ganin fuskarta sosai, kuma na gan ta leɓuna sun fara canza launi.

Duk abin da maiɗakina ta koya mini ya dawo kaina tsaf, ba abin da na manta. Amma ƙafafuna suka ƙi tsallake dokin ƙofar. Zuciyata ɗaya na cewa shiga, ɗaya na cewa kai, surukarka ce fa, je ka kira mace. Har na juya zan ƙwala wa maƙwabciyarmu kira, sai na ga hannun Hajiya ya saki wuyan ya fara zamewa ƙasa. Na ce innalillahi, na faɗa ɗakin da takalmina.

Na tallafe ƙirjinta da hannun hagu na sunkuyar da ita. Dukan farko, kunya ta sa na yi shi kamar mai kaɗe ƙura a jikin yadi. Ba abin da ya motsa. Na biyu na rufe ido na saki hannu. Na uku, na huɗu, na biyar, kowanne ina cewa, "Ki yi haƙuri, Hajiya! Ki gafarce ni, Hajiya!" Naman ya ƙi fitowa.

Daidai nan maƙwabciyar tamu ta iso, wata 'yar ƙabilar Basa mai suyar fanke a ƙofar gida, ƙarar faranti ce ta jawo ta. Abin da idonta ya gani shi ne ƙaton namiji yana jibgar tsohuwa marar lafiya. Ta kurma ihu da Faransanci wai jama'a su kawo ɗauki zai kashe ta, ta ɗaga babban cokalin suyarta ta fara sauke mini a gadon baya. Ni kuma na riga na zagaya bayan kujera na durƙusa, na zura hannuwa na rungume Hajiya, na dunƙule hannu saman cibiyarta. Na fizgo, cokali ya sauka. Na sake fizgowa, cokali ya sake sauka, da sauran man gyaɗa mai zafi a jikinsa. A fizga ta uku sai ga wata tsoka mai jijiya ta yi tsalle ta faɗa gaban matar nan.

Hajiya ta ja wani dogon numfashi mai ƙara, ta fashe da tari. Ban taɓa jin sauti mai daɗin wannan tarin ba. Maƙwabciya ta dubi naman, ta dube ni, cokali a sama. Kafin nan baranda ta cika, 'yan babur biyu da suke fake wa ruwa, mai soya da wuƙarsa a hannu, har da wani tela da tef ɗin awo a wuya. Ni kuwa da hankalina ya dawo na ga inda hannuwana suke, sai na saki da sauri na zube ƙasa na sunkuyar da kai na ce, "Hajiya, ina wuni."

Da muryarta ta dawo, a dishe, abin da ta fara cewa shi ne, "Ku ƙyale shi." Ta ƙara yin tari ta ce, "Ɗan Kano, ashe haka kake da hannu? Allah ya sa ba haka kake wa 'yata ba." Kowa ya kwashe da dariya, ban da ni.

Maiɗakina ta taɓa cewa duk wanda aka matse wa ciki haka dole likita ya duba shi. Mota ba ta shiga lungunmu, ruwa kuma ya kwanta, sai katakan da aka jera ake bi. Ni na ɗauki Hajiya cak na bi katakan nan da ita har bakin titi muka shiga tasi. Tunda na riga na ɓata, ai sai in ƙarasa.

A asibiti maiɗakina ta same mu, ta ratso cunkoson motocin unguwar Ndokoti a kan babur, ɗankwali a hannu. Da aka tabbatar mata haƙarƙarin uwarta lafiya, sai ta juyo ta ce, "Wa ya kawo nama gidan nan?" Hajiya ta yi carab ta ce wai sadaka aka aiko. Na ce a'a, ni na sayo. Daga nan Hausa ta ƙare, ta koma Faransanci zalla, kuma in ta koma Faransanci zalla na san na shiga uku. Ban gane rabinsa ba, amma na san ban cancanci a rage mini ko kalma ɗaya ba. Da ta gama ta zauna ta rufe fuska tana kuka.

Mako guda unguwa tana dariyata. A masallaci liman ma sai da ya tare ni yana murmushi, ya ce ai uwar matarka muharramarka ce kamar mahaifiyarka, wa ya ce maka addini ya hana ka taɓa ta don ceto? Maƙwabciya ta aiko mini da fanke cike da roba, na ci ina shafa bayana.

Bayan kwana biyu da sallamo ta, Hajiya ta sa aka kira ni. Na durƙusa a bakin ƙofa, ta ce in shigo in zauna a kujera, kuma in dube ta. Na zaci tsokana ce, amma ba dariya a fuskarta. Ta ce, "Ranar nan ina ganinka fa. Na ga yatsunka a jikin labule, na ga ka juya za ka tafi. Ba ni da bakin kiranka. A raina na ce, shi ke nan, yaron nan yana ƙaunata, amma ladabinsa zai tsaya yana kallona har in mutu." Sannan ta ce, "Na gode da ka yi mini rashin kunya."

Hajiya ta ƙara shekara huɗu tare da mu kafin Allah ya karɓi abarsa. A shekarun nan ni nake ɗaga ta daga gado zuwa kujera, ni nake zama kusa in tana cin abinci ina lura da kowace loma, kuma girmanta bai ragu a idona ba ko kaɗan. Abin da na koya shi ne, mai rauni yana bukatar wanda zai matso kusa, wanda zai iya ce masa a'a, wanda ya san abin yi kuma ya yi shi nan take. Kowa ya daure ya koyi taimakon gaggawa, ba ya cin lokaci. Har yau in ana ba da labarin nan mutane dundun suke wa dariya, ni ma ina taya su. Amma in na kaɗaita, ba dukan nake tunawa ba. Tsayuwar nan nake tunawa, ina sallama a bakin ƙofa, ita tana kallona.