Keken Kawu Nomau da Ƙofar Zaurenmu

A watan Oktoba na 1991, ran kasuwar Gazawa, ana tsakiyar yankan gero, wata amalanken shanu ta tsaya a ƙofar gidanmu da la'asar, ɗauke da wani abu lulluɓe da tsohuwar tabarma. Ina zaune gindin itacen bedi ina ɓare wa Inna gyaɗa. Dattawan unguwa sun kewaye rediyon babana suna sauraren babban taron ƙasa da ake yi a Yamai, inda aka ce yanzu talaka ma yana iya miƙewa ya faɗa wa mai mulki magana. Wanda ya diro daga amalanken shi ne Kawu Nomau mai walda, wani gajere kakkaura, rigarsa duk hudar tartsatsi. Ya yaye tabarmar, sai ga keke mai taya uku, shuɗin fentinsa bai gama bushewa ba, fedarsa a sama inda hannu zai kama. Ya dube ni ya ce, "Sanusi, ga ƙafarka nan. Hau mu gani." A ranar dai rediyo ya yi ta surutunsa shi kaɗai, ba wanda ya ƙara bi ta kansa.

Shan inna ya cinye mani ƙafafu tun ban san kaina ba, da silifa a hannu na koyi tafiya. Amma kada wani ya ce zai ji tausayina, ƙuruciyata ba ta kuka ba ce. Ni ne gola a ƙwallon tsumma, kuma ba a cika ci na ba, tunda dama a ƙasa nake. Ni ne mai korar tsuntsaye a gonar gero, a ɗora ni bisa rumfar kara da majajjawa da gwangwani, in wuni ina ihu kamar sarkin daji. Wurin dara kuwa har manya na sa sun tashi suna tsaki. Abu guda ne ya gagare ni, hanyar lakol, wato makarantar boko. Tana can bayan gari, rairayi ne zalla, ga ƙarangiya. Yayata Rakiya ce ke goya ni safe da rana, ta aje ni bakin aji ta koma ɗiban ruwa. Ni ina ta ƙara nauyi, ita kuma tana zama budurwa, samari na yi mata dariya suna cewa ta haihu ba a yi suna ba. Da damina ta ƙare Baba ya yanke magana: "Bayan Rakiya ba na jaki ba ne. In ba a sami dabara ba, lakol ta ƙare." Dabarar ce ta sa ya ɗora ni a jaki muka je Gazawa rumfar Kawu Nomau, wanda a lokacin gyaran amalanke da kekuna ne aikinsa, bai taɓa ƙera irin wannan ba. Ya auna ni da igiyar rama, hannu, ƙugu, tsawon baya, kowane awo ya ƙulla masa ƙulli. Har rairayinmu ya tambaya, ya sa mani tayoyin tsohuwar mobilet, ƙaramin babur ɗin nan, masu faɗi don kada in nutse.

Na hau, na juya feda, keke ya tafi. Ban san yadda zan faɗa wa mai ƙafa abin da na ji ba, don haka ba zan wahalar da kaina ba. Na zaga masallaci, na zaga rijiya, yara na bina da gudu, kaji na watsewa, mata na leƙowa ta kan darni suna guɗa. Da na gaji na ce bari in shiga gida in nuna wa Kaka, wadda ba ta cika fitowa ba. Na nufi zaure da ƙarfina. Tayar gaba ta shige, na baya biyu suka ce ba su san zancen ba. Ƙwam! Na kusa tashi sama. Kawu Nomau ya auna duk abin da ke jikina, amma bai auna ƙofar gidanmu ba.

Zauren nan kakana ne ya gina shi da hannunsa lokacin da ya taso daga ƙasar Katsina ya sari daji a nan. Ƙofarsa ƙarama ce, matsattsa, sai an sunkuya, don a zamaninsu haka ake yi, kada na waje ya hangi cikin gida, kada kuma jakin maƙwabci ya shigo wa rumbu. Kowace shekara Baba da kansa yake yaɓe shi, ba ya bari ko yaro ya kankare masa ƙasa. Da aka ce a ɗan sassaƙe gefen ƙofar, ya ce sai dai bayan ransa, a bar keken a waje. Aka bar shi gindin bedi. Kafin gari ya waye sau biyu, duk wani yaro mai ƙafa biyu lafiyayyu a unguwar ya hau shi, har da masu goyon juna, sarƙa ta tsinke, kujera ta karkace. Da aka aika wa Kawu Nomau ya zo ya gyara, Baba ya ce ai sai a riƙa ɗaure shi da kwaɗo. Kawu Nomau ya goge baƙin mai a rigarsa ya ce, "Malam Idi, takalmi ake tuɓewa a bari a ƙofa. Kai ka taɓa barin ƙafarka waje ka shiga gida?" Baba dai bai sauya ba. Sai Kawu Nomau ya ce to laifinsa ne, shi zai gyara. Ya tafi da keken ya rage masa faɗi, ya dawo da shi siriri kamar akuyar rani. Keken ya shiga zaure sumul, kowa ya yi hamdala. Ina fitowa tsakar gida na karya kwana wajen turken awaki, keke ya kife, na faɗa cikin kwatarniyar dusa, ƙafafu sama. Rakiya ta yi dariya har ta zauna ƙasa. Kekena ya koyi shiga gida, ya manta tsayuwa.

Shekarar taro ce, kowa ya koyi ɗaga hannu. Da aka mayar wa keken faɗinsa na farko, ƙanen Baba ya ce tunda a Yamai ma zama ake a yi magana, mu ma a yi namu taron. Aka shimfiɗa tabarmi, maza suka zauna, kowa ya kawo tasa. Wani ya ce a huda katanga ta baya, wani ya ce ƙofar ɓarayi ke nan. Wani ya ce a kai ni gidan Liman in riƙa kwana, ƙofarsa ta fi faɗi. Ni da ake magana a kaina ba wanda ya tambaye ni, kuma har yau haka ake tarukan ƙasar nan. Ana cikin wannan sai ga Kaka ta fito, ƴar tsohuwa duk ta ranƙwafe, tana jan taɓarya. Ni take kira maigidanta, irin wasan kaka da jika. Ta ce, "Ku matsa. Maigidana na waje, ku kuna ta zuba." Baba ya miƙe ya ce, "Iya, ginin Baba ne fa." Ta ce, "Kai ɗansa ne, ni matarsa ce, na riga ka saninsa. Ni na ɗebo ruwan da aka kwaɓa wannan ƙasa. Da yana nan, da hannunsa zai fasa, yana yi yana zagin ku." Ta ɗaga taɓarya ta maka wa gefen ƙofar. Ƴar ƙasar da ta zubo ba ta cika tafin hannu ba. Baba ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya karɓi taɓaryar a hannunta ya jingine, ya ce a miƙo masa gatari. Shi ya fasa, shi ya yaɓe, Kawu Nomau na tsaye da igiyarsa yana cewa a ƙara kaɗan. Kashegari ni na kai kaina lakol, na riga mushe, malaminmu, zuwa, Rakiya kuma ta yi barcinta har rana ta fito.

Karatun bai yi nisa ba, a aji biyar na tsaya, wannan kuma laifin kaina ne ba na ƙafa ba. Amma da wannan ɗan karatun nake gyaran waya a Gazawa, nake ci da iyalina. Kawu Nomau kuwa daga kaina ya bar gyaran amalanke. Ya ƙera wa guragu kekuna tun daga Cadawa har Gidan Sori. Ya mayar da keken ɗinki na hannu ga matar da ba ta iya taka feda. Ya yi wa makafi tsaga a jikin rediyo don yatsa ya gane tasha, da waya ta zo kuma ya riƙa ɗiga masu gam a kan maɓallai. Kuma tun daga kanmu bai sake auna mutum a rumfarsa ba. Sai ya bi ka har gida da igiyarsa, ya auna zaure, ya auna ƙofar ɗaki, ya auna ta makewayi, ya sha furarku, sannan ya taɓa ƙarfe. In an ce ya cika ɓata lokaci sai ya ce, "Na taɓa jefa yaro cikin dusa."

Bana ƙungiyarmu ta guragu ta shirya taron karrama shi, don idonsa ya tafi, hasken walda ya cinye. Manya suka karɓe shirin, suka zaɓi wani sabon zaure mai bene da matakala, suka zo da manyan riguna suka yi jawabi da Faransanci. Mu da aka yi abin dominmu, kekunanmu na jere a waje cikin rana, mu kuma aka cicciɓe mu ɗaya bayan ɗaya kamar buhunan wake. Da aka kawo Kawu Nomau, jikansa na riƙe da sandarsa, ya tsaya ya shafa matakalar da ƙafa, ya shafa ƙofar da hannu. Ya ce, "Sanusi na nan?" Na ce ga ni, Kawu. Ya ce, "Ina ƙafarka?" Na ce tana waje. Sai ya ce a fito masa da kujerarsa gindin itace, a nan zai karɓi kyautarsa. Haka manyan nan suka tattaro rigunansu suka sauko cikin rairayi, mu ma aka fito da mu, muna bisa kekunanmu muna ta dariya.

Zaurenmu na nan a ƙauye, gefe ɗaya na ƙofarsa ya fi ɗaya sabon yaɓe, Baba da Kaka duk sun rigaye mu. Yanzu gine-gine sun fi kyau, siminti ne da tayil, ƙofofin ma sun fi faɗi. Tsohuwa mai taɓarya ce dai ba a samu.