Gyalen da Na Rino wa Hajja a Japan

Mun tashi da asuba daga Misfala, unguwarmu a Makka, za mu Japan, ni da yayata da mijinta, mutane na dawowa daga Harami mu kuma muna jan akwatuna. A bakin ƙofa kakata Hajja ta ce, "Ke da ko maɓalli ba kya iya ɗinkawa, me za ki koyo a Yaban? Hannun yaran Makka na latsa waya ne kawai." Mahaifinta marini ne a Kano kafin su biyo ta Sudan zuwa Makka. Tun a hanyar Jidda na ƙudura sai na rino mata gyale da hannuna.

Tokyo akwai tsafta, akwai shiru har ya yi yawa. A jirgin ƙasa na ɗaga murya na ce wa yayata "yalla", wato mu tafi, duk taragon ya juyo. Abinci kuwa sai da bincike, muka ƙare a dunƙulen shinkafa da kifi, da dambun naman da muka ƙunso daga gida. Kankana na gani a kanti an naɗe ta kamar amarya, na duba kuɗinta na ajiye musu abarsu.

A Kyoto na gwada ginin tukwane. Kofi na nufa, abin da ya fito ko kaza ba za ta sha ruwa a ciki ba. Ban damu ba, ba shi ya kawo ni ba.

Marinar da na nufa tana wani ƙauye a Tokushima, wajen wata tsohuwa, waya ce tafintarmu. Manyan randunan baban rini a binne cikin ƙasa, wari kamar an jiƙa ƙanzo an manta. Tsohuwar ta ba ni farin yadi na ɗaɗɗaure shi da zare. Da na ga ruwan ya kwanta lumbu, sai na ɗauki sanda na hau juya shi da ƙarfi kamar mai tuƙa tuwo. Tsohuwar ta riƙe mini wuyan hannu. Ashe iska ce ke kashe rinin, a hankali ake tsoma kaya. Sai da muka zauna jiran randar ta huce, ina ta cika ina batsewa.

Da na tsamo yadin sai na gan shi kore shar. Na ce khalas, shi ke nan, na ɓata. Ta yi mini alamar in baza shi in yi shiru. Ina kallo ya juye shuɗi. Na tsoma, na matse, na baza, na sake, har bayana ya ƙage. Safar hannun da aka ba ni tana zame mini, na cire na yar. Yayata ta ce mota za ta tafi, na ce ta tafi.

Muka dawo Makka farcena shuɗi. Hajja ta ware gyalen a hasken taga, ta shinshina shi. Sannan ta ce, "Bai kama sosai ba. Da babana ne sai ya mayar da shi ramin rini."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Amma ranar Juma'a da shi ta tafi Harami, kuma na ji tana gaya wa maƙwabciyarmu, "Jikata ce ta rina, je ki duba hannunta."

Haƙuri dai ban koyo shi duka ba. Na koyi cewa akwai aikin da faɗa ba ya sa shi sauri.