Tagar Soron Kakanmu

Duk tsufan da zan yi, ba zan manta da ranin da muka gyara soron kakanmu ba, a ƙauyenmu da ke gabas da Magarya. Faransawa suna nan lokacin, ba a daɗe da daina aikin tilas ba. Gidanmu gidan magina ne. Baba ya tsufa, idonsa ya fara dushewa, sai ya ce tsakanina da ƙanena, wanda hannunsa ya fi a gyaran soron nan shi zai bar wa jagorancin magina.

Ni a wurina an gama magana. Ni ne babba, ni ke da ƙarfi. Na kwaɓa ƙasa, na yi tubali, na sauya azarar da gara ta cinye, na yaɓe waje da makuba har yana sheƙi. Ƙanena kuwa da ya ɗan taɓa aiki sai ya zame wurin gwaggonmu, su yi ta hirar mutanen da. Maginin baki nake ce masa.

Wata rana da hantsi na shiga soron, wanda tun tasowarmu duhu ne ko da rana tsaka, sai na gan shi bisa tsani yana fasa bangon gabas.

"Kai, haukacewa ka yi? Bangon kaka za ka ɓarke?"

"Yi haƙuri, Yaya, taga ce a nan. Gwaggo ta ce kaka ne ya toshe ta, lokacin da ake ɓoye samari a ɗakin nan don kada a kwashe su aikin tilas na kumandan Faransawa."

Kafin in buɗe baki tubalin ya zube. Rana ta shigo ta faɗa kan bangon yamma, sai ga zanen da kaka ya yi da yatsunsa, ja da fari, ya fito ras. Sau nawa na shafa wurin nan cikin duhu, na ɗauka kumburin ƙasa ne kawai.

Aka jawo Baba. Ya daɗe tsaye cikin hasken, hawaye na bin gemunsa. "Haka na san ɗakin nan ina yaro," ya ce. Ya kama hannun ƙanena ya sa masa albarka, ya ce daga yau shi ne gaba. Ni kuwa ya juyo ya ce mini, "Sannu da aiki," kamar wani ɗan ƙwadago.

Wallahi kishi ya ci ni. Rani guda ina cikin laka, shi ya huda rami a hantsi ɗaya ya kwashe komai! Na yi ta gaya wa mutane tagar nan zafi za ta kawo, ba wanda ya kula ni. Abin da ya fi ƙona mini rai, duk wanda ya shigo ya ga rufin da na sha wuya a kai, sai ya dubi ƙanena ya ce, "Kai, yaron nan ya iya aiki!"

Na yi shekaru ina miƙa wa ƙanena tubali, kuma har yau in na tuna sai na ji ɗaci. Amma na koyi abu guda: kada ka sa hannu a tsohon gini sai ka tambayi waɗanda suka rayu a cikinsa. Ni ƙasa kawai na sani, ban taɓa tambayar kowa abin da ya sa ɗakin ya yi duhu ba.