Filin Jirgin Yayana

Yayana manomin albasa ne a wani ƙauye bayan Kolofata, kuma tunda nake ban taɓa ganin mai yarda da rediyo kamarsa ba. In ta ce yau za a yi ruwa, to sai ya kwashe shanya ko da sama tana fayau. Ni kuwa aure ya kawo ni Garwa. Ina da ɗan shagon ɗinki, kuma hanyar shagon ta gefen wayar da ta kewaye wani filin sojoji take bi, safe da yamma.

A shekarar da 'yan bindigar daji suka matsa wa yankinsu, mutane suka yi ta kwashe iyali zuwa Mora da Marwa. Ni ma na share ɗaki na ce Yaya ya taho da matarsa da yara. Har ya fara ɗaure kaya, sai rediyo ta ce an sayo jirage masu saukar ungulu, waɗanda za su riƙa kai ɗauki ƙauyukan bakin iyaka suna kwaso waɗanda aka ji wa rauni. Ba a daɗe ba wani hafsa ya je garinsu, ya ce a ware fili shimfiɗaɗɗe, a share shi, a kewaye shi da duwatsu a shafa musu farar ƙasa don matuƙi ya hango daga sama. Kowa ya sunkuyar da kai, don ba mai son rabuwa da gonarsa. Yaya ya miƙe ya ba da tasa, wadda ta fi kowacce kyau. Maƙwabcinsa, wani Kirista daga mutanen kan dutse da suka daɗe suna noma gefe da gefe, shi ya yi ta jido duwatsu a kan jaki. Kayan da aka ɗaure kuwa aka kwance.

Jiragen na gan su da idona, don a filin sojojin nan na hanyar shagona aka ajiye su. An yi musu bikin tarba da badujala, manya suka sha hoto a gabansu. Farkon zuwansu nakan ji ƙarar ɗaya yana ɗan zagaya gari. Daga nan shiru. Aka lulluɓe su da tamfol, tamfol ya yage, ciyawa ta tsiro har ta rufe ƙafafunsu, tsuntsaye suka samu gida kyauta.

Matan sojoji suna kawo mini ɗinki, kuma mace in tana jiran a datse mata riga, bakinta ba ya zama. Daga gare su na fara jin wai tsofaffin jirage ne aka yi wa fenti aka sayar da sunan sababbi, wai wani dillali a ƙasar waje ya toshe bakin waɗanda ya kamata su duba, wai kayan gyaran ma a takarda kawai suka iso. Daga baya gidajen rediyon waje suka ɗauka. Aka ce za a yi bincike, waɗanda ake zargi suka rantse sharri ne. Ni ba alƙaliya ba ce, ban san wa ya ci wa bai ci ba. Abin da na sani, jirgin da ke tashi ciyawa ba ta tsirowa a ƙarƙashinsa.

Na buga wa Yaya waya na zayyane masa duka.

“Yaya, don Allah ka taho. Wallahi jiragen nan kazar gidana ta fi su tashi.”

Ya yi dariya. “Ke dai Auta, bakinki ba ya tsufa. Yanzu a ce gwamnati guda ta sa ni kashe gonata a banza? Komanda da kansa ya tsaya a filin, ya ce ya fi na kowane gari kyau.”

“To ka saurari rediyon da kake so mana, ita ma ta faɗa.”

“Waccan ta 'yan baƙin ciki ce.”

Haushi ya sa na kashe wayar. Sai daga baya na gane ba taurin kai kaɗai ba ne. Mutumin da ya riga ya ba da gonarsa, in ya yarda da maganata, ya yarda ke nan an mai da shi wawa a gaban garinsu. Saboda haka duk bayan ruwan sama sai ya kwaɓa farar ƙasa ya bi duwatsun nan yana shafawa, yaransa kuwa suna cin tuwo da miyar da ba ta ji mai ba.

Wata rana da hantsi 'yan bindigar suka tare shi a hanyar rafi, suka harbe shi a cinya suka tafi da babur ɗinsa. Maƙwabcin nan nasa ya zo da nasa babur, ya ce a ɗaure ciwon a ɗora shi, shi zai kai shi lopital, wato asibitin Mora, ko me zai faru a hanya. Yaya ya ƙi. Ya ce a kai shi fili, ai don irin wannan rana aka yi shi. Lawan, wato mai garinsu, ya buga lambar da hafsan ya bari, aka ce masa an ji, a jira.

Matarsa ta kira ni tana kuka. Na bar keken ɗinki na ruga bakin wayar filin sojojin nan ko mayafi ban ɗauka ba. Ga jiragen can a inda suke kullum. Wani soja yana wanke ɗaya da bokiti da soso, don ranar fareti ta matso. Na yi ihu har muryata ta dushe. Mai gadin ƙofa ya ce, “Madam, wuce, nan ba wurin tsayawa ba ne.”

An ce a can Yaya ya hana a yi masa inuwa, kada matuƙi ya kasa hango shi. Ya ce mutane su ja da baya su riƙe hulunansu saboda iska, kamar yadda hafsan ya koya musu. Suka tsaya a rana riƙe da huluna. Da azahar ya daina magana, sannan ne suka ɗora shi a babur, amma ko garin ba su fita ba ya cika. Cinya ce fa. Har yau in na tuna cinya ce kawai, sai in ji abinci ya fita raina.

Da na je gaisuwa, matarsa ta ja ni zuwa filin. Ya yi fes, ko tsinke babu.

“Goggon yara, da gaske akwai jirgin?”

“Akwai.”

“Da idonki kika gani?”

“Kullum sai na wuce shi.”

Sai ta ce, “Da babu shi ne, da ya fi mini sauƙi.”

Na ce tunda abin ya zama haka, ta kwashe duwatsun ta dasa albasa, yara su samu abin ci. Ta ce ta riga ta roƙi lawan. Ya ce ba shi da iko, don ba a janye umarnin ba, gonar tana nan a matsayin filin jirgi. Har ma an aiko cewa manya za su zo duba filayen, kowane gari ya sabunta farin duwatsunsa, in ba haka ba ya kuka da kansa.

Ragowar farar ƙasar Yaya tana nan a buhu a bayan ƙofa. Washegari da safe ta kwaɓa, ta ce in riƙe mata bokitin don bayanta yana ciwo. Na riƙe.